Mi Ag Gaminmu Da Takardun Coci?

Na ji ku. Tun kafin in buɗe baki na jiyo tsaki daga tashar motar Shinkafi, na kuma hango wani kawuna na Zurmi ya turo hula gaban goshi yana cewa, "Wanga yaro lahiyatai ƙalau kuwa? Ɓarayin daji sun hana mu noma, hanyar Jibiya ba ta biyuwa sai da addu'a, taki ya gagari talaka, shi ko bai ga abin rubutu ba sai takardun coci? Mi ag gaminmu da su?"

To Kawu, Allah shi huci zuciyarka, gyara zama. Ba wa'azi zan yi maka ba, ba kuma baiko na zo karɓa ba. Tambaya ɗaya ce tawa: wace shekara aka haife ka?

Ka ga ka soma shafa gemu. Na san amsar: shekarar 'Yar Gusau, wato yunwar nan ta wajen 1942, ko dai damina biyu bayanta, kamar yadda Inna ta riƙa faɗi. Ƙanenka na wajen uba zai ce shi shekarar canjin hannu ce tasa, 1972 ke nan, lokacin da motoci suka koma bin dama. In kuwa aka zaro katin ɗan ƙasa daga aljihunku, ku duka ranar 1 ga Janairu kuka faɗo duniya, kai da shi da sa'o'inku na majalisa. Allah ya saka wa ungozomomin ƙasar nan, ashe dare ɗaya suke aiki a shekara. Amma ɗan akawun jirgin ƙasa da aka haifa a Sabon Gari a waccan shekara ta yunwa, aka kai shi coci aka yi masa baftisma, ranarsa da watansa da sunan uwarsa da aikin ubansa duk suna cikin wani littafi. In dai gara ba ta riga mu ba.

A cikin masu irin wannan littafi, 'yan ɗariƙar Metodis sun fi kowa naci, kuma abin ya samo asali tun daga tushe. Wanda ya kafa ta, John Wesley, malamin coci ne a Ingila, ya rayu daga 1703 zuwa 1791, mutum ne da ke yawon wa'azi a kan doki yana rubuta abin da ya gani kusan kowace rana. A 1742 bashin ginin ɗakin taronsu ya sha musu kai a garin Bristol, sai suka karkasa jama'arsu ƙungiya-ƙungiya, kowace wajen mutum 12, kowa ya riƙa ba da kwabo ɗaya a mako, shugaban ƙungiya ya karɓa ya rubuta. To mai zagaya gidaje karɓar kwabo ai yana ganin fiye da kwabo. Nan da nan littafin kuɗi ya zama littafin hali: wa ke zuwa, wa ya daina, wa ya koma wa kwalba. Duk wata uku a ba mutum ɗan kati mai nuna har yanzu yana ciki. Daga 1744 suka soma babban taro na shekara-shekara, ana rubuta duk abin da aka yanke. Sai kuma babbar dabarar: ba a barin mai wa'azi ya yi kaka-gida. Shekara ɗaya, biyu, in ya daɗe uku, a ɗaga shi zuwa wani wuri. Wanda ya gaje shi bai san kowa ba, bai san wa ya biya wa ake bi ba, bai san iyakar filin coci ba. Fasto baƙo ne, littafin shi ne ɗan gari. Shi ya sa suka jera abin hawa-hawa: kowace coci da littattafanta, coci-cocin yanki ɗaya su haɗu duk wata uku a duba lissafi, yankuna su haɗu a gunduma, gundumomi su kai rahoto babban taro. Kowane hawa da magatakardansa.

Na ji wani daga baya yana cewa, "Can Ingila ta matse musu." Ɗan dakata, ɗan'uwa, tafiyar tana zuwa ƙofar gidanku. Ranar 24 ga Satumba, 1842, Thomas Birch Freeman ya sauka Badagiri, daga nan Metodis ta shigo ƙasar nan. Tsakanin 1879 da 1880 wani fastonsu, John Milum, ya biyo Kwara har Bida, ya koma ta Ilori, aka buga labarin tafiyarsa a Landan a 1881. A wannan zamani akwai wani Allakura Sharpe, mutumin ƙasar Barno, da aka kama bauta yana yaro, ya kuɓuta a kudu, ya zama faston Metodis, ya yi ta roƙon a tura shi arewa, har aka kai shi Eggan ta ƙasar Nufe. Fulanin Alibawa na Ƙaura da Zurmi, kada ku ce uffan, na san bakinku a kan Barebari. Taubashinku ne, kuma yau masu binciken tarihi sun san sunansa da inda ya zauna domin takardun da aka adana. A cikin dubban da aka kora kudu a sarƙa a wancan ƙarni, nawa ne za ku iya kiran sunansu?

Abin da ya shigo da Metodis arewa sosai kuwa ba mai wa'azi ba ne, dogo ne. Jirgi ya soma zirga-zirga tsakanin Ikko da Kano a 1912, reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Gusau ya tiƙe a Ƙauran Namoda a 1929. Gyaɗa da auduga da fatu suka bi layin suka gangara, akawuna da masu awo da masu buga waya da makanikai da teloli suka biyo shi suka hauro. Turawan mulki ba su cika yarda mishan su yi wa'azi a cikin biranen sarakunan Musulmi ba, saboda haka cocin Sabon Gari ta baƙi ce, baƙi suka gina ta da kuɗinsu, a Kaduna da Zariya da Kano da Jos: ga Angilika, ga Katolika, ga Baptis, ga Metodis. Ƙaura kuwa ƙarshen layi ce, duk wanda dogo ya ɗebo har nan, nan zai sauke kayansa. Gobirawan da ke cika kasuwar Shinkafi ran Alhamis, taubasanku Yarbawa na ciki. Kun shekara ɗari kuna ce musu bayinku, su kuwa suna can suna rubuta ranar haihuwar 'ya'yansu. Ku faɗa mini wa ya ci wasan.

To ina takardun? Nan ne abin dariyar ya koma kan kowa. Wasiƙu da rahotannin da fastocin Metodis suka riƙa aikawa Ingila suna nan lafiya lau a ɗakin karatu na makarantar SOAS da ke Landan, a cikin kwalaye, kowanne da lambarsa. Sun tsira ne domin wa mai biyan albashi aka rubuta su, mai biyan albashi kuwa ba ya yar da takarda. A Ingila ƙa'idar cocin ce tsofaffin littattafan yanki a kai su gidan adana takardu na ƙaramar hukuma, na hedikwata kuma suna ɗakin karatu na John Rylands a Mancesta. A Amurka kowane babban taro na yanki yana da kwamitin tarihi, uwar ma'adanarsu tana Jami'ar Drew a jihar New Jersey. Wato ɗalibin kwalejin kimiyya ta Ƙaura da ke son sanin abin da mishan suka rubuta game da arewa, biza yake bukata kafin alƙalami. Kuma in ya je, muryar Bature zai fi tararwa, yana yabon kansa gaban iyayen gidansa, yana kukan sauro da ƙarancin kuɗi. Sunan tela da matarsa da jaririnsu ba su cika tsallaka teku ba. Suna nan gida, a littafin da ke cikin adaka a bayan ɗakin fasto, ƙarƙashin tsofaffin kalanda da fasasshiyar ganga.

Na taɓa zama da wani dattijon coci a wani gari na kan layin dogo, ya jawo mini irin wannan adaka ya buɗe. Warin daɗewa ya fara yi mana sannu. Littafin baftisma ne mai bangon kwali, dogo, an tsaga kowane shafi gida-gida: rana, sunan yaro, sunan iyaye, mazauni, sana'ar uba, sa hannun fasto. Tawadar ta koma ruwan ƙasa. Gidan sana'a shi ya riƙe ni: akawun kamfani, ɗan wutan jirgi, malamin asibiti, ɗan sanda, mai gyaran agogo. Ka bi wannan gida kaɗai daga sama zuwa ƙasa, shafi bayan shafi, za ka ga lokacin da kantunan Turawa suka cika garin, da lokacin da suka soma janyewa. A wajen ƙarshen 1966 rubutun ya yanke, ragowar shafin fari fat. Da aka ci gaba, hannu ya canja, sunayen ma sun canja. Ba sai an gaya wa ɗan arewa abin da ya faru a watannin Mayu da Satumba na wannan shekara ba, da yadda mutane suka cika taragai suka nufi gabas, wasu ba su kai tasha ba. Dattijon bai ce komai ba, ni ma haka. Kusurwar littafin ta ƙasa kuwa gara ta riga ta yi buɗa-baki da ita, ta cinye sa hannun fastoci na shekaru da dama, ta bar ƙasa a madadi. Inda shafi ya yage wani mai son alheri ya manna salatif, salatif ɗin ya narke ya bar tabo mai maiƙo, ya ɗebe rubutun da aka so ceta.

Hajiya ta ce, "To ai nasu ne, su adana abinsu." Gaskiyarki, Hajiya, nasu ne, kuma nauyin a wuyansu yake, ba wanda ya ce ki ɗauki tsintsiya ki nufi coci. Amma garin da ke cikin littafin na wa ne? Makarantun mishan da gwamnati ta karɓe a shekarun 1970, 'ya'yan Musulmi nawa suka zauna a bencinsu? Rajistar makarantar tana ɗauke da sunayensu da na iyayensu da unguwanninsu. Takardar filin coci tana faɗin wa ke gabas da ita wa ke yamma, kuma sau da yawa na gabas ɗin kakan wani ne a cikinku, da hatimin hakimin wancan zamani a ƙasa. Ran da rikicin iyaka ya tashi, shaidun duk suna maƙabarta, wannan takarda ce za ta yi magana, ba ta kuwa tambayar wa ke salla wa ke zuwa sujada ran Lahadi.

In kuna ganin zancen takarda wasa ne, ku leƙa Taraba, inda akwai Metodis masu wa'azi da waƙa da Hausa. Wani mishan ɗan Amurka, C. W. Guinter, ya iso ƙasar Binuwai a 1906, ya kafa tasha a Bambur a 1923. Cocin da ta turo shi ta haɗe da wata a 1946 ta canja suna, ta sake haɗewa da Metodis ta Amurka a 1968 ta kuma canja suna. A nan gida an san jama'ar da Ekklesiyar Kristi a Sudan, Lardin Muri, kafin su zama Haɗaɗɗiyar Cocin Metodis mai hedikwata a Jalingo, suka sami bishop nasu na farko, Done Peter Dabale, a 1992. Kowane canjin suna da sabon hatimi da sabon kan wasiƙa, amma fili ɗaya ne, asibiti ɗaya, makaranta ɗaya. A 2024 cocin ta dare biyu, wani ɓangare ya koma wata sabuwar ɗariƙar Metodis ta duniya, wani ya tsaya. Nan take tambaya ta zama: ginin na wa, makarantar fastoci ta wa, wane suna aka yi wa rajista, wa ya sa hannu, a wane zama aka yanke? Magana ta kai kotu, ta kai ga asarar rayuka, kuma a nan babu zolaya. Ba ni da ɓangare a ciki. Abin da nake nunawa shi ne, littafin zaman taro da jiya ba mai kallonsa, yau lauyoyi ke neman sa da fitila.

Yauwa, ga ɗan kwaleji ya ɗaga waya sama. "Yallaɓai, wannan duk tsohon yayi ne. A ɗauki hoto a zuba a intanet, an wuce wurin." Sannu da ƙoƙari, injiniya. Kana ina a watan Satumba na 2021, da aka kashe layukan waya a Zamfara baki ɗaya, mutane suka riƙa shiga mota zuwa Funtuwa don su ce wa ɗan'uwa suna lafiya? Ina hotunan bikin yayarka da ka ɗauka da wayarka ta farko? Sun tafi tare da memorin da ya ƙi buɗewa. Takarda mai kyau, in ta sami inuwa da bushewa, tana shekara ɗaruruwa ba ta nemi caji ba. Filashi kuwa ka ajiye shi shekara goma ka gani. Ban ce kada a ɗauki hoto ba, a ɗauka mana, wajibi ne ma a ƙasar da ake tashin ƙauye cikin dare, mutum ya suri yara ya bar komai. Amma hoto dubu biyar marasa suna a cikin waya ɗaya tarkace ne. Kowane littafi da jakarsa a kwamfuta, da sunan cocin da shekarun da ya ƙunsa, a bi shafi ɗaya bayan ɗaya har da bango da shafukan da ba rubutu, a ɗauka a inuwa ba da walƙiyar kyamara ba, a yi kwafi uku a raba su garuruwa uku. Kuma kada wanda ya ce tunda an ɗauki hoto a ba mai ƙosai asalin. Ɗakin karatu na Birtaniya yana da wani shiri tun 2004 na ba da tallafi a ɗauki hoton takardun da ke cikin haɗari, sharaɗinsa kuwa asalin ya zauna a ƙasarsa. An yi haka da littattafan malamai a arewa. Ƙofar a buɗe take ga coci, a buɗe take ga zaure.

Na san Malam ya daɗe yana jiran a zo nan. Ya gyara rawani: "Yaro, mu za a koya wa rubutu? Muna rubutu tun kakannin Bature na yawo da fata." Allah ya gafarta Malam, ban musa ba. Shehu Usmanu da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello da Nana Asma'u sun bar littattafan da har gobe ake karantawa. Yaƙe-yaƙen da Namoda ya yi, har faɗuwar Alƙalawa a 1808, a rubuce muka same su. Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997, ya tara ya kuma tsare takardun gidansu, yau akwai gidan tarihi da sunansa a Sakkwato. Wannan duk gaskiya ne. Amma ni kundin kakan Malam nake tambaya. Wanda ke cikin gafaka, warwara ba ɗinki, takarda mai kauri wadda in ka ɗaga ta a rana za ka hangi jinjirin wata uku a jikinta, alamar daga Italiya ta ratso hamada ta iso nan. A gefen shafukan akwai inda tsoho ya rubuta ranar da aka haifi wane, da shekarar da fari suka sauka, da wanda ya ba shi aron littafin. Ina yake? In ce ko ran rabon gado aka kasa shi uku, kowane ɗa ya ɗauki tulinsa don tabarruki, farkon yana Moriki, tsakiyar tana Kwatano, ƙarshen kuwa an wanke an sha? Tarihin sarakunan Zamfara ma sai da wani Bajamushe, Kurt Krieger, ya zo ya tattara ya buga shi a Balin a 1959, da Jamusanci. Mu da fasto jirgi ɗaya ya kwaso mu: nasa na Landan, namu na Jamus.

Hukuma ma kada ta yi dariya. Wannan yanki ya kwana a Lardin Sakkwato, ya tashi a Jihar Arewa maso Yamma a 1967, ya koma Jihar Sakkwato a 1976, ya zama Zamfara a 1996. Kowane canji sai an loda fayiloli a bayan mota. Na taɓa bin sawun wata takardar gonarmu a wani ofis, aka nuna mini wani ɗaki aka ce in duba da kaina. Jemagu ne ke riƙe da ofishin, kuma ba su karɓar baƙi. Abin da ya tsira na zamanin En'e, kamar rahotannin ƙidayar haraji na gundumomi, yawancinsa yana gidan adana takardu na ƙasa da ke Kaduna, hukumar da Kenneth Dike ya assasa a 1954. Ya tsira ne domin an ɗauke shi daga hannun masu shi an ba wanda aikinsa ke nan.

To yaya ake yi? Ba wani sihiri, kuma rabin aikin ba ya cin ko sisi. Manomin Zurmi ya riga ya san shi: ba ya zuba gero a ƙasa, rumbu yake ɗorawa a kan duwatsu, ya yi masa hula, ya riƙa leƙawa. Adakar takardu ma haka, a ɗaga ta daga ƙasa, a janye ta daga bango, a kauce wa inda kwano ke yoyo, a buɗe ta a duba kafin damina da bayanta. A zare fil da ƙusar sitefula, domin tsatsarsu na cin takarda. Salatif haramun ne. Masu kai tsohuwar takarda shago a narka mata leda, ku ji tsoron Allah, zafi da gam ne kuke haɗa ta da su, kuma in ta shiga ba ta fitowa. Kada a shanya littafi a rana don ya ji ɗumi, kada a fesa masa fiya-fiya. Mai karantawa ya wanke hannu, ya riƙe fensir, ya bar biro da kofin shayi a waje.

Amma kafin duk wannan, lissafi. A zauna a rubuta: littafin baftisma daga shekara kaza zuwa kaza, na aure, na jana'iza, na zaman dattawa, na ma'aji, takardun fili, hotuna. A manna kwafi a murfin adaka, a aika ɗaya hedikwatar gunduma. Abin da ba a lissafa ba, in ya ɓace ba wanda zai san ya taɓa wanzuwa. Kuma ran da za a ɗaga fasto, a ƙirga littattafan a gaban shaidu kamar yadda ake ƙirga kuɗi, mai tafiya da mai zuwa su sa hannu. Yawancin abin da ke salwanta ba wuta ke cin sa ba. Wani ne ya tafi da shi gida "don ya fi tsaro", ya yi ritaya, ya rasu a garinsu, 'ya'yansa suka ga tsofaffin takardu suka share ɗaki. Hotuna kuma a kai su gaban tsofaffin mata tun suna da ido, su faɗi wa ke tsaye wa ke zaune, a rubuta da fensir a baya. Tsohuwa ɗaya in ta tafi, mutum talatin a hoto sun koma ba suna.

Ba kuma kome ake ajiyewa ba, kada masu tara shara su ce na ba su fatawa. Rasit ɗin kananzir na shekara ashirin da suka wuce, da kwafi arba'in na takardar shirin biki ɗaya, a ɗauki guda a sallami saura. Wanda ya ce zai adana komai, ƙarshenta ba ya samun komai in ya nema. Ba kuma kowa ake buɗe wa komai ba. Littafin zaman dattawan coci cike yake da asirin mutane: wa aka dakatar don ya ƙara mata, wace aka yi wa horo, wa ya ci kuɗin gini. Jikokinsu suna raye, wasu ma manya ne a gari. Irin wannan a adana shi, a kulle, a sa masa wa'adin shekaru masu yawa kafin mai bincike ya gani. Na ga idon wasunku ya yi haske da jin haka. A'a, ba za a kawo shi majalisar mai shayi ba.

Cocin da jama'arta suka ragu, ko wadda ke inda ba a kwana da ido biyu rufe, ita ce ta fi bukatar a yi sauri. Littattafanta su koma hedikwatar gunduma tun ana iya bin hanya, ko a kai su ajiya Kaduna, a gidan adana takardu na ƙasa ko Gidan Arewa, da yarjejeniya a rubuce cewa ajiya ce ba kyauta ba. Wannan shawara ɗaya ce ga fasto da limami da magatakardan fada. Kuma a ɗora aikin a kan mutum ɗaya mai suna, a ba shi mabuɗi da mataimaki, a riƙa tambayarsa rahoto duk shekara. In aka ce na kowa ne, na gara ne.

Saura kai, Alhaji na kasuwar hatsi ta Shinkafi, da ka yi ta girgiza kai tun ɗazu kana cewa mu Hausawa ba mu saba da wannan ɗawainiya ba, ba jininmu ba ne. Haba Alhaji. Akwai wani littafi mai baƙin bango a shagonka, naɗe cikin leda biyu, a cikin akwatin ƙarfe, akwatin a kan kanta, mabuɗin a ɗaure da zariyar wandonka. Ka san shafin da sunan kowa yake, ka san buhu nawa mahaifin wane ya ɗauka shekarar da aka ƙirƙiro jiha bai biya ba, har ɗanka ka koya wa karanta shi saboda halin rai. Gara ba ta taɓa sanin ƙamshinsa ba. In har ba jininmu ba ne, kawo littafin bashin nan mu jingina shi da bangon ƙasa, damina ɗaya tak, in ya so mu ci gaba da musun bayan kaka.